Ciwon Dajin Fankiriyas a Karaye da Rogo: Yadda Ake Gwada Alƙaluman Gida da na Ƙasa

Gabatarwa

A duk lokacin da wata cuta mai tsanani ta kashe mutum biyu ko uku a gari guda cikin ɗan lokaci, tambayar da takan fara fitowa daga bakin jama'a ita ce: shin wannan cuta ta fi yawa ne a nan fiye da sauran wurare, kuma ƙaruwa take yi ko raguwa? Tambaya ce mai kyau, domin da amsarta ne hukuma take sanin inda za ta kai likita da magani da kayan aiki. Sai dai amsa ta na bukatar lissafi mai ƙa'ida, wanda idan aka kauce masa sai a tsorata mutane a banza, ko kuma a kwantar musu da hankali alhali akwai matsala.

Wannan darasi zai ɗauki ciwon dajin fankiriyas a matsayin misali, ya kuma ɗauki ƙananan hukumomin Karaye da Rogo da ke yammacin Jihar Kano a matsayin filin nazari. Manufar ita ce ɗalibi ya fahimci abin da ake bukata kafin a ce mace-macen wani yanki sun fi na ƙasa ko ba su kai ba.

Mece ce Fankiriyas?

Fankiriyas wata gaɓa ce mai taushi, doguwa, wadda tsawonta ya kai kimanin santimita 15 a jikin baligi. Tana kwance ne a gicciye a can cikin ciki, a bayan tumbi, gab da ƙashin baya. Mutane da yawa sukan kira ta saifa, amma saifa wata gaɓa ce daban da ke gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, wadda aikinta ya shafi tace jini. Masana sun kasa fankiriyas kashi uku: kai da jiki da wutsiya. Kan yana zaune cikin lanƙwasar farkon ƙaramin hanji, kuma ta cikinsa ne bututun da ke ɗauko ruwan matsarmama daga hanta yake ratsawa kafin ya zuba a hanji.

Ayyukanta biyu ne. Na farko, tana samar da ruwa fiye da lita ɗaya a kowace rana, mai ɗauke da sinadaran da ke narkar da maiƙo da nama da abinci mai sitaci. Na biyu, a cikinta akwai wasu 'yan tsibirai na ƙwayoyin halitta, waɗanda wani ɗalibin likita Bajamushe mai suna Paul Langerhans ya fara bayaninsu a 1869. Su ne ke samar da insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukari a jini, wanda Frederick Banting da Charles Best suka tato a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921.

Yadda Ciwon Yake

Ciwon daji, ko sankara, yana faruwa ne idan ƙwayoyin halitta suka daina bin dokar da ke iyakance hayayyafarsu, suka dinga ninkuwa har su zama ƙari, sa'an nan su bi jini ko wasu magudanai su yaɗu zuwa wasu gaɓoɓi. A fankiriyas, kusan tara cikin goma na wannan ciwo suna farawa ne daga ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin bututun da ruwan narkar da abinci ke bi, kuma mafi yawansu a kan gaɓar suke tsirowa.

Haɗarin ciwon ya samo asali ne daga mazaunin gaɓar. Da yake a ɓoye take, ƙarin zai iya girma na tsawon lokaci ba tare da hannu ya taɓa shi ko mai shi ya ji komai ba. Idan alamu suka bayyana, sukan yi kama da na wasu cututtuka da aka saba da su: ciwon saman ciki mai sokawa zuwa baya, rashin son abinci, da rama ba dalili. Idan ƙarin ya matse bututun matsarmama, sai shawara ta bayyana, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya dinga ƙaiƙayi. Wani lokaci kuma ciwon sukari ne zai bayyana farat ɗaya ga dattijon da bai taɓa yin sa ba.

Hanya guda da ke ba da fatan warkewa ita ce tiyata, musamman babban aikin nan da likitan Amurka Allen Whipple ya bayyana a 1935, inda ake cire kan fankiriyas da wani sashe na hanji da matsarmama. Amma ko a ƙasashen da suka ci gaba, marasa lafiya 15 zuwa 20 ne kacal cikin 100 ake ganowa da wurin da za a iya yi musu wannan aiki. A Amurka, alƙaluman da aka fitar a 2024 sun nuna cewa kimanin 13 cikin 100 ne ke kai shekara biyar da rai bayan an gano ciwon. Ƙiyasin Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ya nuna cewa a 2020 mutum kimanin 496,000 suka kamu da ciwon a duniya, kimanin 466,000 kuma suka mutu. Kusancin waɗannan adadi biyu shi ne ya sa yawan mace-mace ya zama madubin yawan kamuwa a wannan ciwo.

Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarinsa sun haɗa da tsufa, da shan taba wanda ke ninka haɗarin kusan sau biyu, da ƙiba mai yawa, da ciwon sukari, da kumburin fankiriyas na dogon lokaci wanda giya kan jawo, da kuma gado a wasu dangogi ƙalilan.

Mataki na Farko: Adadi da Ma'auni

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa Karaye na da mutum kimanin 140,000, Rogo kuma kimanin 228,000, wato jimilla kusan 370,000. A wannan ƙidaya Jihar Kano na da kimanin miliyan 9.4, Nijeriya kuma miliyan 140. A bayyane yake cewa ba za a ɗauki adadin mamatan Rogo a jera shi da na Nijeriya ba, kamar yadda ba a gwada tsadar masara a kasuwanni biyu sai da mudu iri ɗaya. Mudun da masana suka amince da shi shi ne yawan mace-mace cikin kowane mutum 100,000 a shekara. Ana samun sa ta hanyar raba adadin mamata da yawan jama'a, sa'an nan a ninka da 100,000.

Alal misali, a ɗauka cewa a wata shekara mutum 4 ne suka mutu da wannan ciwo cikin jama'a 370,000. Idan aka raba 4 da 370,000, aka ninka da 100,000, za a sami kimanin 1.1. Wannan adadi misali ne na aji kawai. Abin lura shi ne lissafin yana da ƙafa biyu, wato adadin mamata da yawan jama'a, kuma duk wadda ta gurgunce, sakamakon ya gurgunce. Tun daga 2006 ba a sake ƙidayar jama'a a Nijeriya ba, saboda haka yawan mutanen Karaye da Rogo na yau ƙiyasi ne da ake yi bisa hasashen ƙaruwar jama'a.

Mataki na Biyu: Shekarun Jama'a

Ciwon dajin fankiriyas ciwon manya ne. Ba kasafai yake kama wanda bai kai shekara 40 ba, kuma a Amurka rabin waɗanda ake ganowa sun kai shekara 70 ko kusa da haka. A Nijeriya, waɗanda suka kai shekara 65 ba su wuce kimanin 3 cikin 100 na jama'a ba, alhali a Japan sun kusa 30 cikin 100. Don haka ko da haɗarin da ke kan kowane dattijo iri ɗaya ne a ƙasashen biyu, ma'aunin Japan zai fi girma nesa ba kusa ba.

Ga misali. A ɗauki garuruwa biyu, kowanne da mutum 100,000. A gari na farko, waɗanda suka haura shekara 50 su 10,000 ne; a na biyu kuwa 30,000 ne. A ce a duka biyun ciwon yana kashe 20 cikin kowane dattijo 100,000 a shekara, kuma don sauƙin lissafi a ce ba ya taɓa matasa. Gari na farko zai rasa mutum 2, na biyu zai rasa mutum 6. Mai kallon sama-sama zai ce ciwon ya ninka sau uku a gari na biyu, alhali dattijon kowane gari haɗari ɗaya yake fuskanta.

Maganin wannan ruɗani shi ne daidaita shekaru. Ana lissafa ma'aunin kowane rukunin shekaru daban, sa'an nan a ɗora shi a kan wata jama'a ta misali da kowa ya yarda da ita. Wadda aka fi amfani da ita a binciken ciwon daji ita ce wadda masanin Japan Mitsuo Segi ya tsara a 1960. Wannan mataki ya shafi Karaye da Rogo ƙwarai, domin yankuna ne na noma inda samari da yawa kan tafi cirani ko karatu birni, wanda hakan kan sauya tsarin shekarun waɗanda suka rage a gida.

Daidaita shekaru shi ne kuma ke fayyace ko cuta ƙaruwa take yi. Wani babban nazari na duniya da aka buga a 2019 ya nuna cewa mace-macen wannan ciwo sun tashi daga kimanin 196,000 a 1990 zuwa kimanin 441,000 a 2017, wato sun ninka fiye da sau biyu. Amma da aka daidaita shekaru, ma'aunin ya tashi ne kawai daga 5.1 zuwa 5.6 cikin 100,000. Ma'ana, mafi yawan ƙarin ya zo ne daga yawaitar jama'a da tsawon rai, ƙaramin kaso ne ya zo daga ƙaruwar haɗarin kansa.

Mataki na Uku: Matsalar Ƙananan Adadi

Idan ana sa ran mutum 4 a shekara a wani yanki, ba 4 cif za a dinga samu kowace shekara ba. Ilimin lissafin yiwuwa ya nuna cewa ko babu abin da ya canza, adadin zai dinga yawo tsakanin 1 da 8 a mafi yawan shekaru. Saboda haka idan bara an sami 3, bana aka sami 6, wani zai iya shelar cewa ciwon ya ƙaru da kashi 100 cikin 100, alhali dacewa ce kawai, kamar yadda manomi kan sami tagwayen awaki da yawa a wata shekara, wata shekarar ya sami kaɗan.

Domin kauce wa wannan, akan haɗa shekaru biyar ko goma wuri guda, a kuma haɗa yankuna maƙwabta. Idan aka haɗa shekara biyar, abin da ake sa rai ya zama 20, kuma yawon dacewa zai tsaya tsakanin kimanin 12 da 29. Daga nan sai a raba adadin da aka gani da adadin da ake sa rai bisa ma'aunin ƙasa, a ninka da 100. Idan an ga 24 a inda ake sa ran 20, sakamakon 120 ne, amma da yake 24 na cikin iyakar dacewa, ba za a yanke hukuncin cewa yankin ya fi ƙasa ba. Idan kuwa 40 aka gani, to lallai akwai abin bincike. Haɗa Karaye da Rogo a lissafi ɗaya abu ne mai ma'ana, domin maƙwabta ne, mazaɓarsu ta Majalisar Wakilai ɗaya ce, kuma su biyun ne suka zama Masarautar Karaye a dokar masarautu ta 2024.

Daga Ina Adadin Ƙasa Yake Fitowa?

Mai karatu zai iya zaton cewa adadin Nijeriya jimilla ce ta rahotannin ƙananan hukumomi 774. Ba haka abin yake ba. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa ta fito tun 1992, kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke da alhakin aikin, amma ƙiyasi ya nuna cewa kimanin mutuwa ɗaya cikin goma ce ake yi wa rajista. Daga cikin waɗannan ma, ba duka ne likita ya rubuta sanadinsu ba.

Abin da ake dogaro da shi shi ne rajistar ciwon daji, wato ofishin da ke tattara sunan ciwo da shekaru da mazaunin duk wanda aka gano yana da shi. Iri biyu ce. Akwai ta asibiti, wadda ke rubuta waɗanda suka zo wannan asibiti ko daga ina suke. Akwai kuma ta al'umma, wadda ke bin duk asibitoci da ɗakunan gwaji domin ƙirga mazauna wani yanki da aka shata. Ta biyun ce kaɗai ke iya ba da ma'auni, domin ita ce ta san yawan jama'ar da za a raba da shi. Rajistar Ibadan, wadda aka kafa a 1960, ita ce mafi daɗewa a ƙasar, kuma a 2009 aka kafa tsarin ƙasa na haɗa kan rajistoci. Daga alƙaluman 'yan birane irin su Ibadan da Abuja da Kalaba ne hukumar Liyon take ƙiyasta na ƙasa baki ɗaya, ta kuma ƙiyasta mace-mace daga yawan kamuwa. Ta wannan hanya aka ƙiyasta cewa a 2020 mutum kimanin 125,000 suka kamu da ciwon daji iri-iri a Nijeriya, kimanin 79,000 suka mutu, inda na nono da na mafitsarar maza da na bakin mahaifa suka fi yawa.

A Kano, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da rajista. Nazarin shekara goma na alƙalumanta, daga 1995 zuwa 2004, wanda aka buga a 2008, ya nuna cewa ciwon dajin bakin mahaifa da na nono ne kan gaba ga mata, na mafitsarar maza da na mafitsara kuma ga maza. Wannan na ƙarshe yana da alaƙa da tsargiya, cutar da ake ɗauka a ruwan tafki da madatsai, abin da ya kamata mazauna gefen madatsar ruwa ta Challawa da ke Karaye su sani. Wannan sakamako ya nuna cewa tsarin ciwon daji a Kano yana iya bambanta da na kudu, don haka adadin ƙasa ba lallai ne ya zama hoton kowace jiha ba.

Tafiyar Mara Lafiya Zuwa Littafin Rajista

Kafin dattijon wani ƙauye a Rogo ya shiga lissafi, sai ya tsallake shingaye da dama. Da farko sai an ɗauki ciwon nasa a matsayin na asibiti, domin shawara cuta ce da mutane da yawa ke fara nema wa saiwa da sassaƙe, ciwon saman ciki kuma akan ce olsa ce. Na biyu, sai ma'aikacin lafiya ya yi zargin ciwon ya tura shi gaba, alhali ciwon hanta ya fi yawa a wannan yanki kuma shi ma yana kawo shawara. Na uku, sai iyali sun iya kuɗin mota da na hoton ciki. Hoton da ake ɗauka da sauti kan kasa ganin fankiriyas sosai saboda iskar hanji, don haka akan bukaci babbar na'urar hoto ta siti, wadda sai a manyan asibitocin birni ake samu. Na huɗu, sai an tsakuro tsokar an duba ta da madubin likita, aiki mai wuya a gaɓar da ke ɓoye haka. Rajistar da ta dogara da sakamakon ɗakin gwaji za ta fi ganin ciwon nono da na fata, ta rasa na fankiriyas.

Akwai kuma batun iyaka. Rogo tana maƙwabtaka da jihohin Kaduna da Katsina, kuma ga wasu garuruwanta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya, ya fi Kano kusa. Wanda ya je can ba zai bayyana a littafin Kano ba. Wanda ya je Kano kuma yakan ba da adireshin ɗan'uwan da ya sauka a gidansa, sai a rubuta shi a matsayin mutumin birni. A ƙarshe, da yawa sukan koma gida su cika a gaban iyali, a yi musu sutura a ranar bisa koyarwar addini, ba tare da wata takarda ba.

A ɗauka cewa a kowane ɗaya daga shingaye huɗu na farko rabin marasa lafiya ne ke wucewa. Daga mutum 16, sai 8, sai 4, sai 2, sai 1. Littafin zai nuna mutum ɗaya a inda aka rasa goma sha shida. Wannan ne ya sa masana ke taka-tsantsan da ƙiyasin da ke nuna cewa ma'aunin wannan ciwo a Afirka ta Yamma bai kai 3 cikin 100,000 ba, alhali a Turai ta Yamma ya haura 7. Wani sashe na bambancin gaskiya ne, wani sashe kuma rashin ganowa ne. Haka nan, ranar da aka kawo sabuwar na'urar hoto wani yanki, adadin zai yi tsalle, ba don ciwon ya ƙaru ba, sai don an fara ganin abin da dā yake wucewa a ɓoye.

Abin da Za a Iya Yi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wata hanya ta gano sanadin mutuwa ta tambayar iyali, inda ma'aikaci ke zuwa bayan kwanakin zaman makoki ya yi tambayoyi a tsare game da alamun da mamacin ya nuna da tsawon jinyarsa. Hanyar ba ta taɓa gawa, ba ta kuma jinkirta jana'iza. Ba za ta iya rarrabe ciwon dajin fankiriyas da na hanta daidai ba, amma za ta nuna yawan masu mutuwa da ciwon dajin ciki gaba ɗaya. Masu unguwanni da dagatai da limamai, waɗanda babu jana'izar da ke wuce su, su ne suka fi dacewa da sanar da jami'in rajista. A asibiti kuma, rubuta ainihin garin mara lafiya da ƙaramar hukumarsa abu ne da ba ya cin ko kwabo.

Ga iyali, darasin a fili yake: dattijon da shawara ta kama, tana ƙaruwa, yana ramewa, musamman idan babu zazzaɓi, a kai shi asibiti cikin kwanaki, kada a jira watanni. Ga matasa kuma, ƙin fara shan taba shi ne rigakafi mafi inganci da ke hannunsu.

Kammalawa

Gwada mace-macen Karaye da Rogo da na Nijeriya yana bukatar abubuwa huɗu: sahihin adadin mamata, sahihin yawan jama'a, daidaita shekaru, da isassun shekaru da za su rinjayi dacewa. Duk wanda ya zo da adadi, a tambaye shi wa ya ƙirga, su wa aka ƙirga, kuma su wa suka kuɓuce. Ƙaramin adadi a littafin rajista yana iya nufin ƙarancin cuta, yana kuma iya nufin nisan asibiti, kuma aikin ɗalibin kimiyya shi ne ya rarrabe tsakanin biyun.

Aikin Aji

1. Wani yanki mai mutum 250,000 ya rasa mutum 15 cikin shekara biyar. A lissafa ma'aunin mace-mace na shekara ɗaya cikin mutum 100,000.

2. A bayyana dalilai uku da za su sa adadin masu wannan ciwo ya ƙaru a littafin asibiti ba tare da haɗarin ciwon ya ƙaru ba.

3. A zana taswirar Karaye da Rogo, a nuna hanyoyin da ke zuwa Kano da Zariya, sa'an nan a tattauna yadda waɗannan hanyoyi za su shafi lissafin kowace rajista.